Musayar waƙa: Baba ya faɗi a Kasuwar Dole ta Damagaram

Ɗan Zango:
Salamu alaikum. Kwana 9 ke nan ina jinyar Baba. Barci ya ƙi, sai waƙa.

Ran Alhamis Baba na tsakar Dole,
Tiya a hannu, sai ga shi ya faɗi.
Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace,
Hawan jini ne, haka likita ya faɗi.
Ragon layya ya tafi a hoton kai,
Takardun magani sun cinye sauran kuɗi.
Moton kabu-kabuna na hannun dillali,
Tun ranar ko shayi ba ya min daɗi.

Hajiyar Birni:
Allah ya sa kaffara ce.

Ɗana, ka karɓo moto daga dillali,
Mai jinya ba ya sai da abin nemawa.
Kwasar adashi tawa ce ƙarshen wata,
Zo ka ɗauka, ban son dogon godewa.

Kuma ku riƙa juya shi duk awa 2, kada bayansa ya yi gyambo. Gishiri da magi ku janye.

Jikan Tanimun:
Hajiya ta fita kunya. Saura wani.

Ina Jauro, mai garke a bayan Mirya?
An ce taimako, ya sauya hanya.
Bafillace zai ba ka nono a ƙwarya,
Amma ka ɗau ransa, ka bar saniya.

Jauro:
Babarbare, me ka aiko ban da baki?
Sarki Tanimun ya yi ganuwa, ya ƙera igwa, ya hau doki,
Kai ko tabarmar kaba babu a ɗaki,
Jika 10 na tura ta Nita tun da hantsi, je ka tambaya, ragon aiki!

Mai Arudi:
Allah ya ƙara sauƙi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ɗan Zango, "faɗi" da "faɗi" a baiti biyu a jere maimaici ne. Jauro kuwa, ɗangonka na ƙarshe ya kai tsawon hanyar Yamai.

'Yar Zango:
Haba Malam! Faɗi na farko ƙasa aka kai, na biyu magana ce. Furta su ka ji karin sautinsu daban. Wannan gwaninta ce, sai 'yan Zango.

Yaro na kuka, Malam na ƙirga gaɓa,
Gobara a gida, shi yana auna taɓa.

Mai Arudi:
"Auna taɓa" ba ta da ma'ana, 'yata, don amsa-amo kika jawo ta da igiya.

Jikan Tanimun:
Sai 'yan Zango? Waƙa a Birni take, kusa da fada. Ku fatake ne, ku tsaya kan awo.

'Yar Zango:
Awon namu kuke ci.

Jauro:
Ɗangona dogo ne don kuɗi na ciki. Na Babarbare gajere ne kamar aljihunsa.

Na-Magarya:
Yanzu na shigo. Ba an rage kuɗin likita da rabi ba tun Satumbar 2024?

Jikan Tanimun:
Jauro, ba a yi gorin jika 10 ga mai shanu 50 ba?

Ɗan Zango:
Ku yi haƙuri, kwana 2 wayata ba caji. Na-Magarya, an rage na ganin likita, amma maganin da babu a asibiti a farmasi ake saye. Hajiya, moto ya riga ya tafi. Jauro, saƙo ya iso, Allah ya ƙara albarka a garke.

Jiya da asuba ya motsa ɗan yatsa,
Ya ce kunu, muka ji shi da ƙyar.
An ce mu tafi gida mu riƙa gashi,
Wa ke da keken marar lafiya ya ara min na wata biyar?

Mai Arudi:
Akwai na marigayiya mahaifiyata, taya ɗaya na son iska. Turo yaro Garin Malam bayan la'asar. Ɗangon ƙarshen nan kuma ya kusa kamo na Jauro.