Ta yaya aka gane cewa badon Bolibiya jinsi ne na daban?

Ɗalibar ilimin tsirrai:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa a 2022 masana sun bayyana sabon jinsin katafaren bado mai suna Victoria boliviana, alhali busasshen samfurinsa ya shafe shekara 177 a ma'adanar tsirrai ta lambun Kew da ke Landan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya tsiron da ganyensa ke kai faɗin mita uku ya ɓuya wa masana tsawon wannan lokaci, kuma wace hujja ce ta raba shi da 'yan'uwansa?

Tsohon malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya taɓa ciro bado daga tafki ya bar shi a rana ya san yadda yake yamutsewa. Ganyen wannan kuwa ya fi ƙarfin takardar da ake manna samfuri a kai, ga ƙaya, furensa kuma da dare yake buɗewa, fari a daren farko, ruwan hoda a na biyu. Saboda haka guntaye aka adana, aka yi musu kallon jinsunan da aka riga aka sani, wato Victoria amazonica da Victoria cruziana. Sai a 2016, da lambuna biyu na Bolibiya suka aika iri zuwa Kew, masanin renon tsirrai na Kew, Carlos Magdalena, ya shuka jinsunan uku kusa da juna, bambancin ya fito fili a siffar iri da yadda ƙaya ta jeru. Mai zanen tsirrai Lucy Smith ta riƙa zuwa da dare tana zana furannin.

Mai aiki a ɗakin gwaji:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma siffa kaɗai ba ta yanke hukunci, domin zurfin ruwa da yanayin ƙasa suna sauya kamannin tsiro ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado, wato DNA, ne ya nuna cewa wannan bado na fadamun Llanos de Moxos da ke Bolibiya reshe ne mai zaman kansa, wanda ya rabu da Victoria cruziana kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce.

Ɗalibar ilimin tsirrai:
Na gode ƙwarai. To, da a ce sakamakon DNA ya saɓa wa abin da ido ya gani a tafkin Kew, wanne za a ɗauka?