Wace Hausa za mu yi wa "background check" da "criminal record"?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu aikin fassara. Ƙanena da ke zaune a jihar Fulorida ta Amurka ya turo mini takardar da aka ba shi ya sa wa hannu a wurin da yake neman aiki, ya ce in yi wa mahaifiyarmu bayaninta, domin hankalinta ya tashi tun da ta ji an ce za a bincike shi. Da na zauna zan fassara, sai kalmomi biyu suka tsaya mini, wato "background check" da "criminal record", kuma ina ganin ya kamata mu tsayar da magana a kansu.

Kafin mu raɗa wa abu suna, gara mu san kamanninsa. Kowace jiha a Amurka tana da ma'ajiyarta ta irin waɗannan bayanai, galibi a hannun 'yan sandan jiha ko ma'aikatar shari'a. Idan aka kama mutum, ana ɗaukar zanen yatsunsa a aika can tare da tuhumar da ake yi masa, daga baya kuma kotu ta aika da yadda shari'ar ta ƙare. Dokokin neman bayanan sun bambanta ƙwarai: a Fulorida kowa yana iya biyan dala 24 ya nemi bayanin wani da sunansa a hukumar tsaron jihar, amma a Kalifoniya ma'aikatar shari'a ba ta buɗe wa kowa da kowa, sai mutum ya nemi nasa da zanen yatsunsa, ko hukumomi da wuraren aikin da doka ta ba izini. Binciken jiha ɗaya ba ya nuna abin da ya faru a wata jihar, shi ya sa mai son na ƙasa baki ɗaya yake neman nasa a hukumar binciken laifuka ta tarayya, wato FBI, a kan dala 18.

Kalmar farko da ta zo mini ita ce "binciken asali", domin mun saba da binciken da iyaye ke yi kafin su ba da aure. Na yar da ita nan take. A bakin Bahaushe asali yana nufin tsatso da dangi da garin da kakanni suka fito, alhali dokar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta 1964 ta haramta wa mai ɗaukar aiki a Amurka nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko ƙasar da mutum ya fito. Idan muka ce "binciken asali", mun sa wa abin sunan ainihin abin da dokarsu ta hana. "Binciken baya" kuwa Turanci ne da rigar Hausa, ba mai jin sa ya gane. "Tantancewa" ta yi faɗi, don da ita muke kiran abin da majalisar dattawa ke yi wa ministoci, "bin diddigi" kuma tana ɗauke da warin zargi. Abin da ya kwanta mini shi ne "binciken tarihin mutum", tunda binciken yakan haɗa da karatu da wuraren aikin da aka yi a da, wani lokaci har da bashi.

Inda na fi son mu yi hattara shi ne kalma ta biyu. Na sha ganin an rubuta "tarihin laifuka" ko "rajistar masu laifi", kuma duk biyun suna yanke wa mutum hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Takardar da jiha ke bayarwa tana iya ɗauke da kamun da aka yi wa mutum aka sake shi, ko tuhumar da aka janye, ko shari'ar da aka wanke shi, kuma sau da yawa kotu ba ta aiko da ƙarshen shari'ar ba, sai kamun ya tsaya shi kaɗai. Ga kuma matsalar bincike da suna, inda bayanin wani yake iya faɗawa kan takwaransa, abin da mu masu Muhammadu da Abubakar a kowane gida ya kamata mu fi kowa ganewa. Mai laifi suna ne mai nauyi a Hausa, wanda ke bin mutum har ga 'ya'yansa. Saboda haka shawarata ita ce "tarihin kamu da hukunci", wanda ya faɗi abin da ke cikin takardar ba tare da ƙari ba, sai a ɗora masa "na jiha" ko "na tarayya". Na san ya yi tsawo, kuma zan yi murna idan wani cikinku ya zo da gajere wanda bai shafa wa marar laifi baƙin fenti ba.

Kada kuma mu rikita shi da "takardar shaidar kyakkyawan hali" da rundunar 'yan sandan Najeriya ke ba masu neman biza, domin ita shaida ce da mutum ke karɓa ya miƙa da hannunsa.

Ga yadda na karanta wa Hajiya a ƙarshe: wurin aikin yana neman izininsa a rubuce, kamar yadda wata dokar tarayya ta 1970 ta wajabta idan wani kamfanin bincike na daban ne zai yi binciken, domin a binciki tarihinsa, har da tarihin kamu da hukunci na jihar Fulorida, kuma idan za a hana shi aikin saboda abin da aka gani, dole a fara ba shi kwafin rahoton ya duba. Da ta ji haka, sai ta ce in gaya masa ya sa hannu.