Makantar fuska ko rashin shaida fuska?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata larura ta ƙwaƙwalwa mai hana mutum gane mutane da fuskarsu, da likitoci ke kira furosofagnosiya, ina so mu tsayar mata da suna na Hausa, don wannan sunan ko masu shi sai sun yi tuntuɓe kafin su kai ƙarshensa. Asalinsa Girkanci ne, haɗin "fuska" da "rashin sani". Wani likita Bajamushe, Joachim Bodamer, shi ya raɗa shi a 1947. Cikin marasa lafiyar da ya duba akwai saurayi ɗan shekara 24 da harsashi ya sama a ka. Ya rayu, yana kuma gani, amma danginsa za su shigo ya bi su da ido kamar baƙi, sai sun yi magana sannan ya san ko su wane ne. Ko tasa fuskar bai shaida ba a madubi.

Kafin mu fara jefo kalmomi, mu san abin da za mu sa wa sunan. Mai wannan larura yana ganin ido da hanci da baki, kowanne a mazauninsa. Abin da ya gagara shi ne su haɗu su ce masa "wane ne". A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan kunne, akwai ɗan yankin da ke motsawa sosai idan an ga fuska, musamman na ɓangaren dama. Masaniyar ƙwaƙwalwa Nancy Kanwisher da abokan aikinta ne suka fito da shi fili a 1997 da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Aikin kuwa na ƙiftawar ido ne: wajen kashi 170 cikin 1000 na daƙiƙa, ƙwaƙwalwa ta riga ta ware fuska daga sauran abubuwa. Bugun jini, wato ciwon shanyewar ɓarin jiki, ko rauni a ka na iya lalata wurin. Wasu kuma haka suka tashi ba tare da wani rauni ba, ana ƙiyasta kusan mutum 2 cikin 100. Likita Oliver Sacks da masaniyar birai Jane Goodall duk sun faɗa da bakinsu cewa suna da ita.

Irin waɗannan mutane da dabara suke rayuwa: salon tafiya, aski, tabarau, rigar da aka saba gani. Abokin aiki ya aske gemu, ko a haɗu da shi a inda ba a saba ba, shi ke nan ya zama baƙo. Daga nan sai a fara cewa wane ya cika girman kai, ya ga mutane ya ɗauke kai. Dalili ke nan da na damu a sami suna mai kyau.

Kalmar da aka fi kawowa ita ce "makantar fuska". Tana da daɗin faɗa, kuma Hausa ba ta ƙi aron makanta ba, tunda muna cewa makantar zuci. Amma ni ban gamsu ba. Wanda ya ji zai nufi likitan ido, alhali idon lafiyarsa lau. Sannan a kunnen Bahaushe kamar fuskar ce ta makance.

Wani malami ya ce "dundumin fuska", wai tunda mai dundumi ma yana gani, dare ne kawai ke hana shi. Malam, hikimar ta burge ni, sai dai dundumi ma ciwon ido ne, mun koma gidan jiya. "Mantuwar fuska" kuwa zalunci ce, domin mutumin bai manta ka ba. Faɗi sunanka kawai ka ji, zai zayyano maka tarihinku kaf. Wanda ya kawo "ɓatan fuska", daga "ka ɓace mini", bai lura da maƙwabciyarta ba: ɓata fuska ai ɗaure ta ne, rubutu ɗaya zai mai da mara lafiya mai fushi.

Ni a ganina kalmar tana bakinmu tuntuni. Idan ka haɗu da wanda ka daɗe ba ka gani ba, me kake cewa? "Wallahi ban shaida ka ba." Ba ka ce ba ka gan shi ba, ba ka kuma ce ka manta shi ba. Shaidawa ita ce daidai gaɓar da ta katse. Don haka na tsaya a kan "rashin shaida fuska". A lura, ban ce "shaidar fuska" ba, kada a ɗauka tabo ko wata alama ake nufi.

Abin da ya ƙara ja na gare ta shi ne tana haihuwa. Murya ma tana da nata wuraren a gefen ƙwaƙwalwa, kuma akwai waɗanda ke jin magana sarai, su fahimci kowace kalma, amma ba su san mai yin ta ba ko da mahaifiyarsu ce a waya. Masu bincike Diana Van Lancker da Gerald Canter suka sa wa wannan suna fonagnosiya a 1982. Da makanta muka ɗauka, sai mu ce me, kurumtar murya? Da shaida kuwa sai "rashin shaida murya", ko "rashin ɗaukar murya" ga masu cewa "ban ɗauki muryar ba". Yankin Kanwisher ya zama "cibiyar shaida fuska". Waɗanda ke gane fuskar da suka gani sau ɗaya shekaru baya, su ne "masu kaifin shaida fuska".

Wadda ta gagare ni ita ce larurar da likita Joseph Capgras ya bayyana a Faransa a 1923. Mutum ya dubi matarsa, ya yarda fuskar tata ce sak, amma ya rantse an musanya ta da wata. Ya shaida, zuciya ta ƙi amincewa. "Zargin musanya" ya zo mini, sai dai yana kama da maganar kotu. Malaman Hausa da likitocinmu, ku taimaka da wannan.