GnuCash yana cire mini kuɗin da ban kai ga biya ba, ina mafita?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu amfani da manhajar lissafin kuɗi ta GnuCash ku kawo mini ɗauki, kaina ya kulle. Wata huɗu kenan da na ajiye littafin da nake rubuta lissafin gida na koma kwamfuta, da farko komai lafiya lau, sai na ga akwai wurin da mutum zai jera abubuwan da yake biya duk wata ba sai ya dinga rubutawa da hannu ba, na ce to ai ga sauƙi ya zo. Na saka adashen ofis 50,000, kuɗin da nake tura wa Hajiya 30,000, wuta 20,000, data 10,000, na danna Create automatically sannan a wurin Create in advance na rubuta kwana 30, ni a tunanina don ya dinga tuna mini da wuri.

Yau da safe na duba banki akwai 186,400 amma manhajar tana nuna mini 26,900 da ɗoriya, wallahi sai da gabana ya faɗi. Kuma wutar ma ba 20,000 nake saye kullum ba, lokacin zafi tana haura haka sosai. Sai kuɗin makarantar yara da ragon layya, su ban ma san yadda zan jera su ba. Ko dai in koma littafina ne?

Akanta_Kano:
Wa alaikumus salam Abban Khadija. Kwantar da hankalinka, ko sisi bai ɓata ba. Wannan Create in advance ɗin ba tunatarwa ba ce, shigarwa ce, wato ka ce masa ya rubuta kuɗin a rajista, shafin shiga da fitar kuɗin asusunka, tun saura kwana 30 ranar biya ta zo. Buɗe asusun bankin ka duba da kyau za ka ga wani shuɗin layi ya gitta, duk abin da ke ƙarƙashinsa na gaba ne, ranarsa ba ta zo ba. Shi kuma Total da kake kallo a shafin farko yana haɗawa har da na gaban, shi ya sa ka ga kuɗi sun zube. Akwai ɗan kibiya a ƙarshen kanun shafin ta dama, danna ka ƙaro Present, shi ne ke nuna abin da kake da shi yau.

Na ɗan buga lissafinka, abubuwa huɗun nan 110,000 ne, amma giɓin da ke tsakaninka da banki ya kusa 160,000, saura 50,000 kenan, kuma adashenka 50,000 ne cif. Ina kyautata zaton watan jiya shi ya shigar da kansa kai ma ka sake shigarwa da hannu ranar da ka biya. Duba ka gani.

Gyaran kuwa, ka fara kwafe fayil ɗin ka ajiye a gefe kafin ka taɓa komai. Sai ka shiga Actions, Scheduled Transactions, ka buɗe kowanne ka cire alamar Create automatically da Create in advance, ka sa Remind in advance kwana 3 ko 5. Daga nan duk lokacin da ka buɗe manhajar wani akwati mai suna Since Last Run zai fito ya jero maka abin da ya ƙarato, in ka biya ka zaɓi To-Create, in albashi bai shigo ba ka zaɓi Postpone zai jira ka, in watan gaba ɗaya ba za ka biya ba Ignore. Amma fa gyara jadawalin ba ya goge waɗanda ya riga ya shigar, waɗannan sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka goge da hannunka.

Maman Sadiq:
Abban Khadija ni ma na sha wannan wahalar, sai da maigida ya ce in daina tashinsa da dare kan kuɗin da ba su ɓata ba, hhh. Maganar wuta akwai dabara mai daɗi da ba kowa ya sani ba. A wurin da ake rubuta adadin kuɗi cikin jadawalin kar ka sa lamba, rubuta kalma kawai, ni "wuta" na rubuta a ɓangarorin biyu, wato inda kuɗin ke fita da inda suke shiga, to ranar da lokaci ya yi sai ya tambaye ka wuta nawa ce wannan watan, ka buga abin da ka saya ya shigar. Mu tun watan Afrilun 2024 da aka mayar da 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit ban ƙara sa tsayayyen adadi ba, don yau ka loda mita gobe ka ji tana kuka. Haka nake yi wa gas da cefanen wata.

Kuɗin makaranta kuma ka zaɓi Monthly amma ka ce duk bayan wata 4, ka faro daga Satumba, zai faɗo Janairu da Mayu. Zango na uku wasu makarantun a ƙarshen Afrilu suke komawa, don haka ni tunatarwar kwana 21 na sa masa, kafin takarda ta zo daga makaranta na riga na san da ita. Haya in ta shekara ce duk bayan wata 12. Adashe kuma kar ka bar shi ba iyaka, in ku goma ne ka ce sau 10 ya tsaya, in ba haka ba an gama zagaye an watse shi yana nan yana binka bashi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga jama'a. Ni HomeBank nike aiki da ita saboda akwai ta da Faransanci, amma matsalar layya guda ce, su waɗannan manhajoji kalandar bature suke bi, ba ruwansu da ganin wata. Shekararmu kwana 354 ce ko da guda bisa, kenan duk shekara Salla na matsowa da kwana 10 ko 11. Ku duba can wajenku Najeriya, babbar Salla ta kama 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Wanda ya ce ma na'ura ta tuna mishi duk shekara rana kaza, shekara ukku kawai sai ta tuna mishi da rago bayan an cinye soye.

Abin da nike yi, sayen ragon kansa sau guda nike jera shi, in Salla ta wuce in sake sa na baɗi da hannu, minti guda ne. Wanda ke maimaituwa duk wata shi ne tari, na buɗe wani ɗan asusu na kira shi kuɗin layya ina tura mishi jikka goma sha biyar duk ƙarshen wata. Azumi da zakka ma haka.

Injiniya B.:
Ni dai ban yarda a kashe Create in advance kwata-kwata ba, Akanta ka yi haƙuri. Abin da ke da tsayayyen adadi da tsayayyar rana, kamar kuɗin Hajiya, barinsa ya shiga da wuri yana da amfani, saboda a rajistar akwai Projected Minimum da ke nuna maka mafi ƙarancin abin da asusun zai sauka a kai idan duk na gaban suka fita. Ni shi ya taɓa hana ni sayen taya biyu a tsakiyar wata, na ga in na saya ranar 24 zan shiga ja, wato asusun ya sauka ƙasa da sifili. Laifin Abban Khadija bai wuce ya jera fita bai jera shiga ba, da ya sa albashinsa a jadawalin da lissafin gaban bai yi muni haka ba. Kwana 30 dai ya yi yawa, 7 ya isa.

Abu biyu kuma da sabbin shiga ke mantawa. Manhajar ba ta tura wa kowa kuɗi, rubutu kawai take yi, in kana son kuɗi su dinga tafiya da kansu wannan banki za ka je ka ba su umarni. Sannan sai ka buɗe ta take aiki, in ka yi wata biyu ba ka leƙa ba za ka tarar da jerin gwano yana jiranka, kuma ranar jadawali za ta sa musu ba ranar da ka biya ba, sai ka gyara kwanan watan ya dace da alat.

Abban Khadija:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Akanta ka canka daidai, adashen watan jiya sau biyu ya shiga, ɗaya 28 ga wata ɗaya 3 ga wata, don albashi ya makara sai ranar na biya. Na goge, na mayar da su tunatarwa, na Hajiya kawai na bari kwana 7 kamar yadda Injiniya ya ce. Yanzu bambancina da banki naira 537 da kobo 50 ne, na rasa daga ina. Sannan wata mai zuwa ni ke kwasar adashen, 500,000, in sa shi a kuɗin shiga kamar albashi?

Akanta_Kano:
537.50 ɗin nan raba shi goma ka gani, 53.75 ne, cajin tura kuɗin da suka haura 50,000 kenan, naira 50 da harajin VAT kashi 7.5. Jawo bayanin asusunka daga banki ka ƙirga, ina jin za ka samu guda goma tun da ka fara. Buɗe musu asusun cajin banki ka zuba su ciki.

Kwasa kuma a'a, kar ka sa a kuɗin shiga, ai kuɗinka ne suka dawo. Buɗe asusun adashe a ƙarƙashin Assets, wato kadarori, zubi ya dinga tafiya can, kwasar ta fito daga can zuwa banki. In ka kwasa kafin ƙarshen zagaye zai nuna ja, kar ka tsorata, sauran zubin da ake binka ne. Kai na nawa ne a layin?