Ina neman sabuwar mota mai sauƙin kuɗi da zan tuƙa da hannu, ku ba ni labarin taku

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan da hatsarin da ya taɓa mini laka. Ƙafafuna biyu ba sa aiki, amma hannuwa alhamdulillahi lafiya ƙalau. Na gaji da jiran wanda zai kai ni wurin aiki ya dawo da ni. Na ɗan tara abin da ya samu, kuma sabuwa nake so ko da ƙarama ce, domin in mota ta mace mini a hanya ba ni da halin fita in buɗe gabanta. Kuɗin ba yawa gare su ba. Waɗanda suka riga ni, me kuka saya, kuma a ina kuka yi da-na-sani?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, shan-inna ce ta kama ni tun ina yaro, kuma na fi shekara ashirin ina tuƙi da hannu. Kada ka fara da shagon masu sayar da mota. Fara da wanda zai ɗaura maka na'urar tuƙi da hannu, ka ce masa ga motoci uku da aljihunka zai iya, wacce ce aikinsa zai zauna a cikinta daidai. Kuɗin na'urar da na ɗaurawa ka cire su gefe tun yanzu, abin da ya rage shi ne kuɗin motarka na gaskiya.

Wadda aka fi amfani da ita sanda ce guda a kusa da sitiyari, an haɗa ta da totur da birki. Ka ja ta wajenka mota ta tafi, ka tura ta gaba birki ya kama. An yi ta haka da gangan, domin in aka ci birki jikin mutum gaba yake yi, sai nauyinka ya ƙara danne birkin. Dole motar ta zama otomatik. Hannu ɗaya na kan sanda, ɗaya na kan sitiyari, ina na ukun da zai riƙe kuloci da giya?

Motata ta yanzu sai da na biya kuɗi na kai ta wurin ɗaurawa, mutumin ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce akwai jakar iska ta gwiwa, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari, daidai inda ƙarfen zai bi. Ko dai a kashe jakar, ko a sa irin na'urar da ake kafawa a ƙasa gefen giya, wadda ta fi tsada. Na biyun na zaɓa, na yi wata huɗu ina biyan bashi. Da tambaya ɗaya na yi kafin in saya da ban shiga wannan ba.

Maman Walid: Yaya Tsohon Direba ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya cuce ni tsayin kujera ne. Lalurarmu ɗaya da kai, Baban Ummi. Na ga mota mai ɗan tudu ta burge ni, mai sayarwa yana ta cewa ai za ki riƙa hango hanya sosai. A shagon, maigidana ne ya tallafe ni na shiga, don haka ban ji komai ba. Da aka kawo ta gida na zo shiga ni kaɗai, sai na ga kujerar ta ɗara mazaunin kekena da kusan taƙi guda. Kullum sai na kama hannun da ke saman ƙofa na ja jikina sama, sau huɗu ko shida a rana. Kafin shekara kafaɗata ta dama ta fara ciwon da ke hana ni barci. Mu kuwa kafaɗa ita ce ƙafarmu.

Na sayar da ita da asara. Da zan sayi ta biyu, da tef ɗin awo na je. Mazaunin kekena santimita 50 ne daga ƙasa, sai na nemi motar da kujerarta ke kusa da haka. Na kuma auna tazarar da ke tsakanin bakin ƙofa da gefen kujera, domin wannan ramin ne kake tsallakawa, kuma a wasu motocin yana da faɗi ƙwarai. Na ce musu kowa ya matsa, ba na son taimako. Na shiga na fita sau uku suna tsaye suna kallona. Ɗaya har ya miƙo hannu, na ce bawan Allah, gobe ba ka nan.

Ɗan Auta: Ni dai but na fara dubawa. Kekena mai naɗewa ne, kuma akwai ƙananan motoci da yawa da ba ya shiga but ɗinsu sai an kwantar da kujerar baya. Mai ƙofar baya da ke buɗewa har da gilashi ta fi mai but na daban, domin bakinta ya fi faɗi. Ku duba kuma tudun bakin but ɗin, in ya yi yawa sai an cicciɓi keken sosai. Honda Jazz nake ja, wadda a wasu ƙasashe ake kira Fit. Mazaunin kujerunta na baya yana ɗagewa sama, sai keken ya tsaya a tsaye bayan direba.

Maman Walid: Ƙanena, kai kana iya takawa kaɗan da sanda, ko? Shi ya sa but ya yi maka amfani. Wanda ba ya tsayuwa sam, in ya sa keke a but, da me zai dawo ƙofar direba?

Ɗan Auta: Haka ne Anti, nakan dafa jikin motar in zagayo. Ban yi wannan tunanin ba.

Maman Walid: To ka gani. Ga yadda nake yi: in na zauna, sai in kwantar da bayan kujerata, in cire tayoyin keken ɗaya bayan ɗaya, maɓalli ne a tsakiyarsu, in jefa su baya. Sannan in ɗago gangar keken in wuce da ita ta kan ƙirjina zuwa kujerar mai zaman banza, in ɗaura mata bel. Saboda haka abin da ya dame ni shi ne filin da ke tsakanin ƙirjina da sitiyari, da ko sitiyarin yana ɗagawa sama, da yadda ƙofa ke wangalewa. Akwai motar da na so ƙwarai, amma kujerarta da wani ɗan gare-gare ake kwantar da ita, sai ka yi ta murzawa. A gwaji na biyu na haƙura da ita. Mai hannu guda da kake ja ta kwanta nan take ta fi mini.

Bahago: Tawa daban ce, amma wataƙila ta amfani wani. Ƙafar dama aka yanke mini daga gwiwa. Ban buƙaci sandar hannu ba, totur na hagu aka sa mini a gefen birki, irin wanda in ka sauke ɗaya ɗayan ya naɗe sama. Na yi sati uku ina koyo a fili kafin in hau titi, domin shekara goma sha biyar ƙafata ta hagu kuloci ta sani, shi kuwa kuloci take shi ake yi har ƙasa. Ku kwatanta wannan a kan totur.

Wata rana surukina ya karɓi makulli zai gyara fakin, na manta ban mayar da na dama ba. Ya kai ƙafa inda ya saba hutar da ita, motar ta zabura ta daki tukunyar fulawa. Allah ya kiyaye ba yaro a wurin. Tun daga ranar ba mai taɓa motata sai na duba da idona.

Tsohon Direba: Allah ya ƙara kiyayewa. Wani abu kuma da na manta, Baban Ummi: ba kowace otomatik ce otomatik ba. A cikin motoci masu arha akwai waɗanda giyarsu a gaskiya ta hannu ce, kwamfuta ce kawai ke taka kuloci a madadinka, ana ce mata AMT. Ta fi sauƙin kuɗi. Na ari irinta na kwana biyu. In tana canja giya sai ka ji ta ɗan numfasa sannan ta fizga, kuma a kan tudu tana iya sulalewa baya kafin ta kama. Mai ƙafa biyu zai iya jurewa. Kai kuwa sanda guda ce birkinka kuma ita ce toturka, tsakanin sakin wannan da jan wancan akwai ɗan lokaci. Ka nemi CVT, wato irin otomatik da ke ƙara gudu sumul ba tare da fizga ba, ko otomatik ta asali, ko aƙalla ka tabbatar motar tana da tsarin da ke riƙe birki na ɗan daƙiƙu a kan tudu. Kada ka yarda da bakin mai sayarwa, ka sa a kai ka tudu a tsaya a tashi kana ciki.

Uwar Biyu: Ni shanyewar ɓarin jiki na yi, hannu ɗaya ne mai ƙarfi. Ƙananan abubuwa ne suka raba mini gardama: birkin hannu na maɓalli maimakon wanda ake ja, tayar da mota ba tare da murɗa makulli ba, da kyamarar ribas, tunda waiwaye yana yi mini wuya. Matsalar ita ce waɗannan ba sa zuwa a mafi arhar samfuri, sai ka hau mataki na gaba. Na bar tayoyin ado da rufin gilashi, na biya waɗannan. Ƙwallon da ake ɗaurawa a sitiyari kuwa ba shi da tsada, kuma da shi nake juya mota da hannu guda. Kai ma za ka buƙace shi.

Bahago: A ƙara da maganar takardu. Ka sa kamfanin motar ya rubuta maka cewa ɗaura na'urar ba zai soke garanti ba, musamman in za a taɓa wayoyin lantarki. Ka kuma sanar da masu inshora duk abin da aka ƙara. Kuma don Allah a guji aikin mai walda na gefen hanya a kan birki. Na ga wata da aka haɗa da ƙarfen gado.

Baban Ummi: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na je da tef da kekena kamar yadda Hajiya Maman Walid ta ce. Wadda na kwana biyu ina mafarkinta ta faɗi tun a bakin ƙofa, gangar keken ta maƙale tsakanina da sitiyari har sai da aka ciro ta. Wata ƙarama da ban ko kalla ba da farko, ita ce na shiga na fita sau uku ba gumi. CVT ce, mai ɗaura na'ura ya ce ba jakar iska a gwiwa, sanda ta talakawa za ta zauna. Abin da ya rage, in keken ya hau kujerar gaba, maman Ummi baya za ta koma, kuma ta riga ta ce ba ta yarda ba. Masu iyali, ina kuke sa gangar keken in kun ɗauko mutum a gaba?