Wane ƙaramin furosesa zan ƙara wa kyamarar gona mai aiki da sola?

ɗan_lantarki: Salam 'yan uwa. Na haɗa kyamara da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 a gonar babanmu don ta riƙa gane shanu ko mutum in sun shigo da dare, to amma lissafin hotunan ya yi wa furosesan yawa, hoto ɗaya sai ya daɗe kafin ya gane, ga zafi, in ka taɓa akwatin kamar murfin tukunya, batirin kuma baya kai asuba. Me zan ƙara masa don Allah?

injiniya_k: Wa'alaikumus salam. Nemi Coral USB na Google, ɗan ƙaramin furosesa ne da ke ɗauke wa Pi lissafin gane hotuna, wat 2 kacal yake ci kuma yana yin lissafi tiriliyan 4 a sakan ɗaya, kawai ka soka shi a ramin USB 3 mai launin shuɗi. Amma fa sai ka maida model ɗinka (wato manhajar da ke gane abin da ke cikin hoto) zuwa tsarin TensorFlow Lite na int8 tukuna, wato tsarin da aka matse wanda Coral ke iya aiki da shi, in ba haka ba aikin zai koma kan Pi ɗin.

mai_sola: Ni shawarata kar ka bar kyamarar tana aiki dare duk. Sa firikwensin motsi na PIR, sai abu ya gitta sannan ta farka. Jetson Nano, wata ƙaramar kwamfuta ta kamfanin Nvidia, ya fi ƙarfi amma wat 5 zuwa 10 ne, batirinka ba zai ɗauka ba.

ɗan_lantarki: Na gode ƙwarai yallaɓai. Injiniya, YOLO, wato model ɗin nan na gane abubuwa a hoto, zai hau kan Coral ɗin kuwa?

injiniya_k: Ƙaramin zai hau in ka matse shi, amma fara da wani model ɗin mai suna MobileNet SSD, shi an riga an shirya shi don Coral.