Shawarwarin matasan Nima kan kallon Advent Children

A tattaunawar da wasu matasa masu sha'awar wasannin kwamfuta suka yi a unguwar Nima da ke Accra, an fi tsayawa kan ko ya dace mutum ya kalli fim ɗin Final Fantasy VII: Advent Children alhali bai taɓa buga wasan kwamfutan Final Fantasy VII ba. Mafi yawansu sun ce bai dace ba, domin kamfanin Square Enix na Japan ya fitar da shi a 2005 ne don ci gaba da labarin wasan 1997, kuma al'amuransa sun faru shekara 2 bayan ƙarshen wasan. Wanda bai san gabar Cloud, jarumin labarin, da Sephiroth, mugun labarin, ba zai ga faɗan takubba da tseren babura kawai.

Wanda ba shi da lokacin wasan, an ba shi shawara ya karanta labarinsa tukuna, sannan ya nemi fitowar 2009 mai suna Complete, wadda ta fi tsawo, kuma a ganina ita ta fi bayyana cutar Geostigma da ke addabar yara. An kuma ja kunne kada a rikita shi da fim ɗin Final Fantasy: The Spirits Within na 2001, wanda labarinsa daban ne.